Jim Gray

James Nicholas Gray, wanda aka fi sani da Jim Gray (an haife shi ranar 12 ga Janairu, 1944, ya ɓace a teku ranar 28 ga Janairu, 2007), masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Amurka. An san shi da aikin da ya yi a kan rumbunan bayanai da kuma yadda kwamfutoci masu yawa, waɗanda ke wurare daban-daban, za su yi aiki tare ba tare da lissafinsu ya saɓa wa juna ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙa'idar da bankuna, kamfanonin jiragen sama da na sadarwa ke bi a yau: duk aikin da aka fara a kan bayanai, ko dai ya kammala baki ɗaya, ko kuma a warware shi kamar ba a taɓa fara shi ba. Ya yi aiki a kamfanonin IBM, Tandem, DEC da Microsoft. A shekarar 1998 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a fannin kimiyyar kwamfuta.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Gray a birnin San Francisco da ke jihar Kalifoniya. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, mahaifinsa kuma sojan Amurka. Yana jariri iyalinsa suka koma birnin Rum na ƙasar Italiya, don haka ya fara magana da Italiyanci kafin Turanci. Daga baya suka zauna a jihar Virginia. Bayan rabuwar iyayensa ya dawo San Francisco tare da mahaifiyarsa, a can ya girma.

A 1961 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya kammala digirin farko a fannin lissafi a 1966. Ya yi ɗan gajeren aiki a cibiyar bincike ta Bell da ke New Jersey, sannan ya koma Berkeley ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Farfesa Michael Harrison, ya gama a 1969. Bincikensa na wancan lokaci a kan harsunan rubuta manhaja ne, ba a kan rumbun bayanai ba. Sai da ya shiga sashen bincike na IBM a farkon shekarun 1970 ne ya karkata ga fannin da ya yi suna a cikinsa.

Matsalar da ya sa a gaba

Kafin zuwan kwamfuta, banki yana da babban littafi guda, akawu ɗaya ne ke rubutu a cikinsa a lokaci guda. Da aka mayar da littafin cikin kwamfuta, sai matsaloli biyu suka taso. Ta farko, mutane ɗaruruwa na iya taɓa bayani guda a daƙiƙa ɗaya. Ta biyu, na'urar na iya tsayawa a tsakiyar aiki, saboda ɗaukewar wuta, lalacewar faifai ko kuskuren manhaja.

Misali mai sauƙi shi ne tura kuɗi. Manomi a Bacirawa, arewa da birnin Kano, yana son ya biya wani ɗan kasuwa a Dawanau naira 50,000. A wurinsa abu ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta ayyuka biyu ne: a cire kuɗin daga asusun manomin, a kuma zuba su a asusun ɗan kasuwar. Idan na'ura ta tsaya bayan an cire kafin a zuba, kuɗin sun bi iska. Idan an zuba kafin a cire, an ƙirƙiri kuɗin da babu su. Haka kuma idan mutum biyu suka nemi cire kuɗi daga asusu ɗaya a lokaci guda, kowannensu na iya ganin kuɗin suna nan, a biya su duka biyun da abin da bai isa ba. Mafi yawan aikin Gray ya ta'allaƙa ne a kan hana irin waɗannan abubuwa faruwa, ko da na'urorin da ake amfani da su ba su da tabbas.

Aiki a IBM

A cibiyar binciken IBM da ke San Jose, Gray ya shiga rukunin da ke gina System R, ɗaya daga cikin rumbunan bayanai na farko da suka bi tsarin jadawali wanda Edgar Codd ya gabatar a 1970. Daga wannan aiki ne harshen SQL ya fito, wanda har yau ake amfani da shi wajen tambayar rumbun bayanai. Gray ya fi mayar da hankali a kan ɓangarori biyu: kulle bayanai da kuma farfaɗo da su bayan na'ura ta faɗi.

A 1976 shi da Kapali Eswaran, Raymond Lorie da Irving Traiger suka wallafa maƙalar da ta bayyana ma'anar daidaiton bayanai a lissafe. Sun nuna cewa idan kowace mu'amala, wato jerin ayyukan da ake ɗauka a matsayin abu guda, ta kulle duk bayanan da take buƙata kafin ta fara sakin ko ɗaya daga cikinsu, to sakamakon zai zama daidai da a ce mu'amalolin sun bi layi ɗaya bayan ɗaya, alhali a zahiri a tare suke gudana. Ana kiran wannan hanya kullewa mai mataki biyu. A wata maƙalar ta wannan lokaci, shi da abokan aikinsa sun yi bayanin girman abin da ya kamata a kulle, ko layi ɗaya ne, ko jadawali, ko rumbun gaba ɗaya, da kuma matakan daidaito da mai gina manhaja zai iya zaɓa gwargwadon saurin da yake so.

Ta fuskar farfaɗowa kuwa, dabarar ita ce kundin rajista. Kafin a canza komai a ainihin rumbun, sai an fara rubuta abin da za a canza a wani kundi na dabam wanda ɗaukewar wuta ba ta goge shi. Idan na'ura ta faɗi ta tashi, sai ta karanta kundin: mu'amalar da aka riga aka tabbatar sai ta ƙarasa ta, wadda ba a tabbatar ba sai ta warware ta.

Tabbatarwa mai mataki biyu

Matsalar tana ƙara tsananta idan bayanan ba a kwamfuta ɗaya suke ba. Asusun mai turawa yana wannan gari, na mai karɓa yana wancan, layin da ke haɗa su kuma na iya yankewa a kowane lokaci. A cikin dogon rubutun darasi da ya fitar a 1978, Gray ya bayyana hanyar da ake kira tabbatarwa mai mataki biyu, wadda Butler Lampson da Howard Sturgis su ma suka yi aiki a kanta a wajajen lokacin. Kwamfuta ɗaya ce ke zama jagora. A mataki na farko tana tambayar kowace kwamfutar da abin ya shafa ko ta shirya. Wadda ta amsa cewa ta shirya, ta ɗauki alkawari ke nan, ta rubuta shi a kundinta, ba ta da ikon janyewa. Idan kowa ya amsa, a mataki na biyu jagorar ta ba da umarnin a tabbatar. Idan ko ɗaya ta ƙi, ko ba a ji daga gare ta ba, sai a umarci kowa ya warware.

Gray ya nuna cewa asalin wannan tunani daga dokar yarjejeniya yake, ya kuma kwatanta shi da ɗaurin aure. Kwatancen ya dace da abin da aka saba gani a ƙasar Hausa: sai wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, shaidu sun ji, sannan a sanar cewa aure ya ɗauru. Babu auren da ke ɗauruwa a ɓangare ɗaya kawai.

Hanyar tana da rauni guda da Gray bai ɓoye ba. Idan jagorar ta faɗi bayan sauran sun ɗauki alkawari amma kafin ta ba da umarni, sai su tsaya cik, ba su tabbatar ba, ba su warware ba, bayanan da suka kulle kuma babu mai iya taɓa su har sai ta dawo. Wannan rauni ya ci gaba da damunsa tsawon shekaru, ya kuma sake komawa kansa a ƙarshen rayuwarsa.

A maƙalarsa ta 1981 kan fa'idoji da iyakokin tsarin mu'amala, ya lissafa siffofin da dole ta cika. Daga nan ne masanan Jamus biyu, Theo Härder da Andreas Reuter, suka haɗa taƙaitaccen sunan ACID a 1983. Siffofin huɗu ne: mu'amala ba ta rabuwa, ko duka ko babu, tana barin bayanai cikin daidaito, ba ta ganin aikin wata da bai kammala ba, kuma idan an tabbatar da ita, ba ta gogewa ko da na'ura ta lalace. A maƙalar ta 1981 ya kuma yi magana a kan ayyukan da ba sa warwaruwa, kamar kuɗin da na'urar ATM ta riga ta fitar, da kuma mu'amaloli masu ɗaukar dogon lokaci, waɗanda gyaransu sai dai a yi wata sabuwar mu'amala ta ramuwa da za ta mayar da abin yadda yake.

Tandem da binciken dalilan tsayawar kwamfuta

A 1980 Gray ya bar IBM ya koma kamfanin Tandem da ke Cupertino, inda ya yi shekara goma. Tandem na ƙera kwamfutoci masu suna NonStop domin bankuna da kasuwannin hannun jari, wuraren da tsayawar minti kaɗan ke jawo babbar asara. Kusan kowane ɓangare na na'urar biyu ne, idan ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Hatta manhajar ana gudanar da ita biyu-biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran ko-ta-kwana a wata na'urar.

A 1985 ya fitar da rahoton da ya zama ɗaya daga cikin sanannun ayyukansa, a kan dalilin da ke sa kwamfutoci tsayawa da abin da za a iya yi a kai. Maimakon zato, ya tattara rahotannin lalacewa daga na'urori sama da 2,000 da ke hannun abokan cinikin kamfanin, ya ƙirga musabbabin kowace. Sakamakon ya saɓa wa abin da mutane da yawa ke tsammani. Kusan kashi 42 cikin 100 na tsayawar daga masu kula da na'urorin ne, wajen gyara, saiti da gudanarwa. Kashi 25 daga manhaja ne. Lalacewar ƙarfen na'urar kanta kashi 18 ne kawai. Darasin shi ne, ninka na'urori bai wadatar ba, dole a gina tsarin da zai jure kuskuren ɗan Adam da na manhaja.

A cikin rahoton ya raba kurakuran manhaja gida biyu. Akwai masu tsayawa wuri ɗaya, duk sanda aka maimaita aikin sai sun bayyana, waɗannan ana kama su tun a gwaji. Akwai kuma masu ɓuya, waɗanda sai wasu abubuwa sun haɗu a daidai wani lokaci suke fitowa, idan an sake gwadawa kuma ba a ganinsu. Ya nuna cewa yawancin kurakuran da suka rage a manhajar da ta daɗe tana aiki, na biyun ne. Saboda haka idan aka haɗa mu'amala mai warwarewa da manhajar ko-ta-kwana, sau da yawa abin da ake buƙata shi ne a warware aikin a sake shi, sai ya wuce lafiya.

A wannan shekara ta 1985 ya jagoranci wasu masana wajen fitar da ma'aunin gwada ƙarfin kwamfutocin hada-hadar kuɗi, wanda ke ƙirga yawan mu'amalolin da na'ura ke kammalawa a daƙiƙa ɗaya da kuma abin da hakan ke ci na kuɗi. Kafin nan kowane kamfani da irin nasa awon yake tallata hajarsa. Wannan aiki ne ya share fagen kafa majalisar TPC a 1988, mai tsara irin waɗannan gwaje-gwaje. Shi da Gianfranco Putzolu kuma suka fitar da ƙa'idar minti biyar, wadda ta ce a farashin kayan wancan zamani, bayanin da ake nema aƙalla sau ɗaya a kowane minti biyar ya fi araha a bar shi a ƙwaƙwalwar na'ura maimakon a riƙa ɗauko shi daga faifai.

DEC da Microsoft

Daga 1990 zuwa 1994 Gray ya yi aiki a kamfanin DEC. A wannan tsakani ne shi da Andreas Reuter suka kammala littafinsu mai suna Transaction Processing: Concepts and Techniques, mai shafi sama da 1,000, wanda ya zama madogara ga injiniyoyin rumbun bayanai. A 1995 ya shiga sashen bincike na Microsoft, bisa sharaɗin zai ci gaba da zama a San Francisco, inda aka buɗe ƙaramar cibiyar bincike.

A 1996 shi da Pat Helland, Patrick O'Neil da Dennis Shasha suka yi gargaɗi a kan haɗarin kwafar bayanai a wurare da yawa tare da barin kowa ya canza kwafin da ke kusa da shi a duk lokacin da ya so. Lissafinsu ya nuna cewa idan yawan kwamfutoci da zirga-zirgar aiki suka ninka sau 10, karo da saɓanin da za a sasanta na iya ninkawa sau 1,000. Tsarin da ke tafiya lafiya a ƙaramin gwaji zai iya durƙushewa idan ya girma. Sun ba da shawarar a riƙe kwafi guda a matsayin uwa, na'urorin da ke yawo ba tare da layi ba su riƙa rubuta mu'amala ta wucin gadi, a tabbatar da ita ko a ƙi ta sanda suka haɗu da uwar.

A laccar da ya gabatar bayan karɓar lambar Turing, ya lissafa burika 12 da yake ganin ya kamata masu bincike su sa a gaba. Ɗaya daga ciki shi ne gina tsarin da tsayawarsa ba za ta kai daƙiƙa ɗaya ba a cikin shekara 100. Domin kwatanci, tsarin da ke aiki kashi 99.999 cikin 100 na lokaci yana tsayawa kusan minti biyar a shekara.

Daga baya ya koma kan raunin tabbatarwa mai mataki biyu. Shi da Leslie Lamport suka wallafa maƙala a 2006 wadda ta maye gurbin jagora ɗaya da rukunin kwamfutoci masu yanke hukunci da rinjaye, ta hanyar dabarar Paxos ta Lamport. Muddin mafi yawansu na aiki, hukunci zai fita ko da wasu sun faɗi.

A shekarunsa na ƙarshe ya karkata ga taimaka wa masana kimiyya sarrafa tarin bayanai. Ya jagoranci TerraServer, wanda ya sa hotunan ƙasa na sama da na tauraron ɗan Adam a intanet a 1998, shekaru kafin taswirorin intanet su zama ruwan dare. Ya yi aiki da masanin taurari Alex Szalay na Jami'ar Johns Hopkins wajen buɗe bayanan binciken sararin samaniya na Sloan ga kowa. A wata lacca a Janairun 2007 ya bayyana bincike ta hanyar tono manyan bayanai a matsayin tafarki na huɗu na kimiyya, bayan gwaji, nazari da kwaikwayo a kwamfuta.

Ɓacewarsa

Gray ƙwararren matuƙin jirgin ruwa mai filafilai ne. A ranar Lahadi, 28 ga Janairu, 2007, ya fita shi kaɗai daga San Francisco a cikin jirginsa mai suna Tenacious, mai tsawon ƙafa 40, zuwa tsibiran Farallon domin watsa tokar gawar mahaifiyarsa a teku. Yanayi na da kyau a ranar, ba a kuma sami wani kiran neman agaji daga gare shi ba. Da bai dawo ba, matarsa ta sanar da hukuma. Masu tsaron gaɓar tekun Amurka sun yi kwanaki suna nema da jiragen sama da na ruwa ba su ga komai ba.

Abokansa daga jami'o'i da kamfanonin da ke gogayya da juna sun haɗa kai suka ci gaba da neman. An ɗauki hotunan yankin da tauraron ɗan Adam, aka yanyanka su ƙanana aka sa a dandalin Mechanical Turk na Amazon, dubban masu sa kai suka riƙa duba su. An kuma binciki ƙarƙashin teku har zuwa ƙarshen watan Mayu. Ba a sami shi ko wani ɓangare na jirgin ba. An yi taron karrama shi a Berkeley ranar 31 ga Mayu, 2008. A 2012 wata kotu a Kalifoniya ta ayyana shi a matsayin wanda ya mutu, ta sanya 28 ga Janairu, 2012 a matsayin ranar mutuwarsa a hukumance.

Tasirin aikinsa

Manyan rumbunan bayanai irin su Oracle, DB2, SQL Server da PostgreSQL duk suna aiki da mu'amala, kulle ko makamancinsa, da kundin rajista. A Najeriya tasirin ya fi fitowa a harkar banki. Hukumar NIBSS, mai sasanta biyan kuɗi tsakanin bankuna, ta ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take a 2011, kuma a 2013 Babban Bankin Najeriya ya faɗaɗa manufar rage amfani da tsabar kuɗi zuwa wasu jihohi, ciki har da Kano. Tun daga nan masu sana'ar POS suka bazu har unguwanni da ƙauyukan da babu reshen banki.

Tura kuɗi daga wani banki zuwa wani yana ratsa kwamfutocin ƙungiyoyi da yawa, kowace da nata rumbun. A cikin banki ɗaya ƙa'idar duka ko babu tana aiki kai tsaye. Tsakanin bankuna kuwa, idan saƙon amsa ya ɓace a hanya, ana iya cire wa mutum kuɗi ba su isa ga mai karɓa ba, sai daga baya a gwama lissafi a mayar masa. Wannan mayarwa ita ce mu'amalar ramuwa da Gray ya bayyana a 1981. Matsalar ta fito fili a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sanda jama'a suka koma ga tura kuɗi ta waya fiye da yadda aka saba, aka yi ta samun jinkiri da tura kuɗin da ba su shiga ba.

Lambobin yabo da tunawa

Ban da lambar Turing, an zaɓi Gray cikin Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasa da Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka. An san shi da ja wa matasan masu bincike gora, ko da a kamfanonin da ba nasa ba suke. Ƙungiyar masana rumbun bayanai ta SIGMOD tana ba da kyauta da sunansa ga kundin digirin digirgir mafi inganci a kowace shekara. A 2008 Microsoft ya buɗe cibiyar bincike mai sunansa a birnin Madison na jihar Wisconsin, ya kuma sadaukar masa da manhajar kallon taurari ta WorldWide Telescope. A 2009 aka wallafa littafin The Fourth Paradigm, tarin maƙaloli da aka gina a kan laccarsa ta ƙarshe.